Darasi na Tara: Galan, Kwat da Fam a Littafin Mota

Yawancin ƙananan motocin da ke kai da komo tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Argungu tokumbo ne, wasunsu daga Amurka. A littafin irin waɗannan za ku ga haruffa kamar gal, qt, oz da lbs. Ku kwafe su a littafinku tukuna, sannan mu ci gaba.

Galan ne ya fi ruɗa mutane. A wurinmu duk roba mai mariƙi galan ce, ko lita 4 take ci ko lita 5. Amma galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, na Ingila kuwa lita 4.546. Suna ɗaya, ciki daban.

Kwat, wanda ake rubutawa qt, rubu'in galan ne. Na Amurka lita 0.946 ne, bai cika lita ba. To idan littafi ya ce injin yana shan 4.5 qt, lita huɗu da rubu'i ke nan, ko sama da haka kaɗan. Na taɓa tsayawa a wani gareji ana yi wa irin wannan mota juye, yaron bakanike ya kife robar lita 5 gaba ɗaya a injin, har yana bubbuga gindinta. Da aka zaro sandar awo, mai ya haye ɗigon sama sosai. Abin ya dame ni, domin baƙin mai in ya yi yawa kumfa yake yi, kuma yakan matsa wa sil, wato robar da ke tare mai, har ya fara yoyo. Ku zuba lita 4, ku tada injin ya ɗan juya, ku kashe. Bayan minti biyar, mota na tsaye a wuri mai daidai, ku zaro sandar, ku goge da tsumma, ku mayar, ku sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin ɗigo biyun nan. In bai kai ba, a ƙara kaɗan-kaɗan.

Oza a ƙananan kwalabe kuke ganinta, kamar ta man birki: 12 oz kusan mililita 355 ne.

Sai nauyi. Fam ɗaya, wanda ake rubutawa lb ko lbs, giram 454 ne, ba fam ɗin kuɗin da ba. Ku buɗe ƙofar direba, akwai takarda liƙe a jikin ƙarfen, mai nuna iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. In ta ce 900 lbs, ku raba biyu, 450, ku cire kashi ɗaya cikin goma, saura kilo 405. A ciki har da direba da fasinja! Direba mai kilo 70 shi kaɗai, buhu shida na shinkafa mai kilo 50 zai ɗauka. Na bakwai, taya da birki ne za su biya.

Aikin gida: ku nemo takardar nan a motar da ke kusa da ku, ku rubuto lambar, ku mayar da ita kilo.