Kada a ɗaure fiyus da waya

Jama'a, don Allah idan fiyus ya ƙone a daina ɗaure shi da guntun waya.

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta zagaya. Tana fitowa ta waya ɗaya, ta ratsa cikin dutsen guga ko ƙwan fitila, ta koma ta ɗayar. Duk inda hanyar ta yanke, wuta ta tsaya. Aikin makunni ke nan, shi ma fiyus haka, sai dai shi da kansa yake yankewa. Siririyar wayar da ke cikinsa an yi ta ne don ta narke da zarar lodi ya yi yawa, tun kafin wayar cikin bango ta ɗau zafi.

Wutar gidajenmu volt 230 ce. Fulogi mai fiyus na amp 13 (lambar da ke rubuce a jikin fiyus ɗin) iyakarsa wajen wat 3,000; wat shi ne ma'aunin wutar da kaya ke ja. To, a haɗa hitar ruwa mai wat 2,000 da dutsen guga mai 1,200 a ekstenshan ɗaya, ai an wuce gona da iri. Idan waya mai kauri aka ɗaura, ba za ta narke ba, robar wayar ce za ta fara narkewa, sau da yawa ana barci.

A rage kayan da aka jona, a sayi fiyus mai lambar wanda ya ƙone. Idan ya sake ƙonewa, a kira mai gyaran wuta ya duba.