Yadda Ake Gano Inda Sanyi Ke Zurarewa a Bututun Iska na Gida, da Yadda Ake Toshe Shi

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40 tun kafin azahar, ƙorafin da masu gyaran na'urar sanyi suka fi ji shi ne cewa kilimatizar yana aiki dare da rana, kuɗin kuran yana ta hawa, amma ɗaki ya ƙi yin sanyi. Abin da aka saba yi shi ne a kira mai gyara a ce ya ƙara gas, idan hakan bai yi magani ba sai a fara shawarar sayen na'urar da ta fi girma. A gidajen da ake raba sanyi ta bututu, wato inda na'ura ɗaya take hura iska cikin bututan da ke kwance tsakanin silin da rufin kwano su kai ta ɗaki-ɗaki, sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Sanyin ne yake zurarewa a hanya kafin ya iso wurin mai shi.

Na ga haka da idona a gidan wani ɗan'uwana a unguwar Kwara Kano. Sau biyu aka ƙara wa na'urarsa gas a bazara ɗaya, ɗakin yara kuma bai daina zafi ba. Ranar da muka leƙa cikin silin sai muka tarar bututun da ke zuwa wannan ɗaki ya kwance daga mahaɗinsa, yana ta hura sanyi a ƙarƙashin kwano tsawon lokacin da Allah kaɗai ya sani. Irin wannan asara ba a ƙasarmu kaɗai take ba. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa a gidaje da yawa na can, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bi ta bututu yana ɓacewa ta huji da tsaga da mahaɗin da bai kama ba. A can bututun yakan ɗauki ɗumi lokacin sanyi, ya ɗauki sanyi lokacin zafi. Mu a nan sanyin kaɗai muke nema, amma muna sayensa da tsada, kuma sararin da ke ƙarƙashin kwanonmu da rana ya fi waje zafi nesa ba kusa ba.

Kafin mutum ya hau sama, ya kamata ya san cewa bututun iri biyu ne. Akwai wanda yake kai iska mai sanyi zuwa ɗakuna, akwai kuma wanda yake zuƙo iskar ɗaki ya mayar da ita cikin na'ura don a sake sanyaya ta. Idan na farko ya huje, sanyi ne yake fita. Idan na biyu ya huje, abin ya fi muni a ganina, domin na'urar za ta riƙa zuƙo iskar cikin rufi mai tsananin zafi tare da ƙurarta, ta yi ta wahalar sanyaya abin da bai kamata ya shigo ba. A garin da hunturu yake lulluɓe shi da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma guguwa take gabatar kowane hadari a farkon damina, wannan ƙura tana toshe matatar iska cikin ƴan kwanaki, tana daskarewa a kan ƙarafan da ke sanyaya iskar, sannan ragowarta ta sauka a ƙirjin masu gida. Mutane sukan manta da wannan bututu mai mayar da iska saboda hannu ba ya jin iska tana fita daga gare shi, alhali nan ne ya kamata a fi tsananta bincike.

Alamun farko daga ƙasa ake ganinsu. Ɗaki ɗaya ya fi sauran zafi ko da an rufe tagoginsa. Iskar da ke fitowa daga bakin bututu a wani ɗaki ba ta da ƙarfi kamar ta maƙwabcinsa. Baƙin zane na ƙura ya kewaye bakin bututun a jikin silin. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, sai a ga tabon ruwa a silin a ɗauka rufi ne yake yoyo, alhali raɓa ce take taruwa a inda iska mai sanyi ta haɗu da iska mai laima. Wanda yake da ma'aunin zafi na hannu yana iya auna iskar da ke fita kusa da na'ura, ya kuma auna wadda ke fita a ɗaki mafi nisa. Idan bambancin ya yi yawa, to ko dai akwai yoyo a hanya, ko kuma rigar da aka naɗe bututun da ita ta lalace.

Lokacin hawa shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta taɓa kwano. Ina roƙon mai karatu kada ya ɗauki wannan da wasa, domin cikin rufi da tsakar rana a bazara yana iya kayar da ƙato cikin ƴan mintoci. A sa wani ya tsaya a ƙasa kusa da tsani, a ɗauki ruwan sha da tocila mai haske, a rufe hanci da baki da takunkumi, a sa riga mai dogon hannu da safar hannu saboda audugar gilashin da ake naɗe bututu da ita tana sa ƙaiƙayi. A taka kan katako ko ƙarfen da ke riƙe da silin kaɗai, domin allon silin ba ya ɗaukar nauyin mutum. A kula da wayoyin kuran da aka shimfiɗa barkatai, a kuma haska kowane lungu kafin a sa hannu saboda kunama. Idan ginin tsoho ne kuma aka ga an naɗe mahaɗan da wani farin abu mai kama da takarda ko ƙyalle mai garin alli, kada a taɓa shi, domin yana iya zama asbestos wanda ƙurarsa take lalata huhu. Wannan aikin ƙwararru ne.

Ana yin bincike ne na'ura tana aiki, ko da fankarta kaɗai ce take juyawa. A fara daga jikin na'urar, a wurin da babban akwatin iska ya haɗu da ita, domin a nan ne iska ta fi ƙarfi, kuma ƙaramar tsaga a nan ta fi babbar tsaga a ƙarshen bututu ɓarna. Daga nan a bi bututun gaɓa-gaɓa, ana tsayawa a kowane mahaɗi da kowace kwana da kowane wurin da ƙaramin bututu ya rabu da babba. Jiƙaƙƙen bayan hannu yana jin iska mai fita da sauri. Ga ƙananan huji kuwa, babu abin da ya kai turaren tsinke, wanda ba a rasa shi a gidajenmu: a kunna shi a riƙa bi da shi kusa da mahaɗi a hankali, idan hayaƙin ya watse to iska tana fita, idan ya lanƙwasa ya shige cikin bututu to ana zuƙo iska daga waje. Sai dai a yi hattara da wutar bakinsa kusa da leda da busasshen katako, a kuma tanadi gwangwanin ruwa da za a kashe shi a ciki. Ɗan yankin takarda mara nauyi ma yana yin wannan aiki, yana karkaɗawa a inda iska ke fita, yana mannewa a inda ake zuƙo ta. Duk inda aka ga audugar gilashi ta yi baƙi a wuri ɗaya, to ta daɗe tana tace iska mai ƙura, akwai huji a ƙarƙashinta. A yi wa kowane wuri alama da alli ko maka, a gama zagayen gaba ɗaya kafin a fara gyara.

A nan ne mafi yawan mutane suke yin kuskure, domin abin da hannu yake fara kaiwa gare shi shi ne sikoc, musamman mai launin toka ɗin nan mai zare a ciki. Yana kamawa da kyau a ranar farko, amma zafi yana busar da danƙonsa, ya saki bayan ɗan lokaci. A shekarar 1998, Max Sherman da Iain Walker na cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya sun gwada kayan toshe bututu iri-iri a cikin zafi da sanyi, suka tarar wannan sikoc mai zare shi ne yake saki, wani lokaci cikin ƴan kwanaki, alhali sauran suna riƙewa. Idan haka ya kasance a ɗakin gwaji, mai karatu ya ƙiyasta abin da rufin kwano na Yamai ko na Tawa zai yi masa a watan Mayu. Abu biyu ne suke da amfani. Na farko shi ne mastik na bututun iska, wani abu mai kauri kamar kunun kanwa da ya kwana, wanda ake shafawa da burushi, idan ya bushe ya zama kamar roba, ba ya tsagewa don ƙarfe ya buɗe da zafi ko ya tsuke da sanyi. Na biyu shi ne sikoc na alminiyom na gaske, kuma mafi aminci shi ne wanda aka buga wa lambar UL 181 a jikinsa, wato shaidar cewa an gwada ingancinsa don bututun iska. Ana neman su a shagunan masu sayar da kayan na'urar sanyi, a kuma bayyana wa mai shago cewa na bututun iska ake so, domin mastik ɗin gilashin taga da na jikin mota daban suke. Kusoshi masu zare da guntayen kwano na faci kuwa ba sa wuyar samu a kasuwar Katako.

Kafin a fara gyara a kashe na'urar daga inda kuran yake shigo mata. Sai a ɓare tsohon sikoc duka, a goge wurin da tsumma mai ɗan danshi har ƙura da maiƙo su fita, a bar shi ya bushe, domin babu abin da yake kama ƙarfe mai ƙura. Idan gaɓoɓi biyu na kwano sun rabu, a fara mayar da su cikin juna a ɗaure da kusoshi masu zare, aƙalla uku a kewayen bututu mai zagaye, saboda aikin mastik toshewa ne, ba ya ɗaukar nauyi. Daga nan a shafa mastik a kan mahaɗin da kaurin da ya kai kusan milimita 2, kwatankwacin kwandalar dala ashirin, ya zarce tsagar ta kowane gefe da faɗin yatsu biyu. Idan tsagar ta kai faɗin da fensir zai shiga, a fara shafa mastik kaɗan, a ɗora ragar zaren gilashi a kai, sannan a sake shafawa har ragar ta ɓace. Babban rami kuwa sai an yanka kwano an yi masa faci, an ɗaure da kusoshi, an shafe gefunansa. Wanda ya zaɓi sikoc na alminiyom ya danne shi sosai da bayan cokali har ya kwanta ba tare da kumburi ba.

Bututu mai lanƙwasa, wanda aka yi da leda da waya a ciki, yana da tasa hanya. A janye rigar waje da audugar baya, a shafa mastik a wuyan ƙarfen da za a haɗa shi da shi, a jawo ledar ciki ta hau wuyan sosai, a ɗaure ta da ɗamarar roba ko ta ƙarfe, sannan a mayar da audugar da rigar waje a rufe. Idan ɓera ya yayyage shi a wurare da yawa, sauya wannan gaɓa ya fi faci. A kuma duba ko ya lotsa ko ya karye a kwana, a rataye shi da maɗauri mai faɗi don kada waya ta shaƙe shi. Wuri na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne inda bakin bututu ya huda silin: a kwance murfinsa daga cikin ɗaki, a cike ratar da ke tsakanin ƙarfe da allo, a mayar da shi.

Bayan mastik ya bushe bisa ga lokacin da aka rubuta a jikin bokitinsa, wanda yawanci yini ɗaya ne, a mayar da rigar bututun yadda ba za a bar ƙarfe tsirara ba ko da tafin hannu ne, domin a nan raɓa za ta taru da damina. A wanke matatar iska ko a sauya ta, a kunna na'urar, a sake zagayawa da turaren tsinke. Idan bayan gyara aka ji na'urar tana fito, ko aka ga ƙanƙara tana taruwa a jikinta, to wataƙila bututun da ke mayar da iska ya yi mata ƙanƙanta, dā ta hujin take cike giɓin; wannan, da duk abin da ya shafi gas da bututun jan ƙarfe, a bar wa mai gyaran sanyi.

Yawancin gidajen Yamai ba su da dogon bututu a rufi, sifilit ne a jikin bango, wato na'urar da rabinta ke cikin ɗaki rabinta a waje, ko na'urar taga, amma su ma suna da wurin yoyo. Ramin da aka huda a bango don bututun jan ƙarfe ya wuce sau da yawa akan bar shi a buɗe ko a cusa masa tsumma, gefen na'urar taga kuma a toshe shi da kwali. A cike su da kumfar gini ko siminti mai laushi, a kuma duba ƙasan ƙofa. Masu amfani da na'urar sanyi mai aiki da ruwa, wadda take da amfani sosai a busasshen zafin Maris da Afrilu, su duba ɗan gajeren bututun kwanon da ya haɗa ta da ɗaki, domin tsatsa takan cinye shi ta ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Sai dai ita wannan na'ura tana buƙatar a bar taga ɗaya a ɗan buɗe a can ɗaya gefen ɗakin don iska mai laima ta sami mafita, saboda haka wannan tagar kada a toshe ta.