Yadda na hana markaɗena yin tsami kafin Laraba

Ranar Lahadi nake cefanen mako, in aika yaro inji da tumatir da tattasai da attarugu da albasa a markaɗo min bokiti guda. Matsalar wuta ce. Sai a kwana biyu ba a kawo ba, firij ya koma kabad, zuwa Laraba markaɗen ya fara kumfa yana tsami. Sau uku ina zubarwa, ga tumatir da tsada.

Ashe laifina ne. Ɗanye nake ajiye shi, ga ruwan da mai inji ke antaya masa, ga albasa mai saurin juyawa. Yanzu na daina haɗa ta a markaɗen. Da an dawo daga inji sai in ɗora a babbar tukunya ba murfi, ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone, ya yi kauri ya koma jawur. In sa gishiri, in soya da man gyaɗa har man ya taso ya rufe samansa. Safe da dare ina ɗumamawa, kuma busasshen cokali kaɗai ke shiga tukunyar.

Tsarin girkin ma na juya shi. Shinkafa da miya, taliya da dafa-duka a farkon mako. Daga Alhamis tuwo ne da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, Asabar ɗanwake da mai da yaji. Yara sun yi ta gunaguni kan kukar, na ƙara daddawa da busasshen kifi suka yi shiru.