Yadda za ka hana karyarka cika unguwa da 'yan kwikwiyo

Kwalin taliya na zuba su a ciki, su 7, na miƙa wa yaran da ke kwashe mini kashin kaji na ce kowa ya zaɓi nasa. Ranar har daɗi na ji, wai na rabu da ƙaya. Ƙyale-su ce ta haife su, karyar da ke gadin gonar kajina a hanyar Shika, bayan garin Zariya, kuma ba su wuce sati 5 ba. Sauran labarin kowa ya san shi. Yaro ya ɗaura wa ɗan kwikwiyo igiyar buhu a wuya, ya yi ta jan sa a layi kwana biyu, ranar da ya shigar da shi gida uwarsa ta ce ya fitar mata da shi kafin ya sa baki a tukunya. Sai a yar da shi a bakin bola. Huɗu suka mutu. Uku suka rayu a bayan kwata, suna cin kayan ciki da jinin da mahauta ke zubarwa.

Shekara ba ta cika ba aka kira ni zauren mai unguwa. Karnuka sun faɗa wa awakin wani dattijo maƙwabcina da tsakar dare, sun kashe akuya mai ciki da 'yan taure 2. Na fara rantsuwa cewa nawa a ɗaure suke kwana, sai aka jawo wadda samari suka kama. Farin tabon ƙirjinta sak na uwarta. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ai ko makaho ya shafa ya san 'yar gidanka ce." Na biya kuɗin awaki, na taso da kunya.

Tun daga ranar na daina cewa karnukan yawo daga daji suke fitowa. Daga gidajenmu suke, daga gonakinmu, daga hannun masu gadi da mafarauta. Abin da zan faɗa maka a nan shi ne abin da na koya bayan haka, rabi daga likitan dabbobi, rabi daga wahala.

Ka fara da sanin lokacinta, domin a nan yawancinmu muke faɗuwa. Karya kan fara neman barbara tun tana wata 6 zuwa shekara ɗaya, kana mata kallon yarinya alhali ta isa. Wasu sau biyu suke yi a shekara, wasu na gida sau ɗaya. Alamar a fili take: gabanta ya kumbura, ta riƙa ɗigar da jini, ta yawaita fitsari, sannan ka wayi gari ka ga karnukan da ba ka taɓa gani ba sun yi sansani a ƙofar gonarka. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Ga kuskuren da na yi har sau biyu. Na kulle ta duk kwanakin da take jini, tana hantarar mazan, tana kai musu cizo. Da jinin ya tsaya bayan kwana 9 ko 10, na ce to, an gama, na buɗe ta. Ashe sa'ad da jinin ya dishe ya koma ruwa-ruwa kamar launin kara, a lokacin ne ma take karɓar namiji. Saboda haka ka ƙirga sati 3 cif daga ranar da ka fara ganin jini, in kana da haƙuri ka cika huɗu. Kuma kulle nake nufi, ɗaki mai rufi da ƙofa mai sakata. Sarƙa a gindin mangwaro ba kulle ba ce, ka ɗaure musu ita ne kawai don kada ta ba su wahala. Katangar da ba ta kai tsayin mutum ba namiji zai haura ta, ta ƙasa kuma zai tona. Da idona na ga wani jan kare ya ɓalle langa-langar da na yi shinge da ita.

In aka riga ka, ka same su a manne, ka bar su. Kada ka doke su, kada ka watsa ruwa, kada ka bari yara su yi ta jifa. Haka halittarsu take, za su rabu da kansu cikin rabin awa ko ƙasa da haka, kuma ja da ƙarfi rauni yake yi wa duka biyun. Ka rubuta ranar kawai. Bayan kwana 63, ko kusa da haka, za ka ji kukan jarirai.

Kullewar nan dabara ce ta wanda ke da lokaci. In ba kiwon sayarwa kake yi ba, gadi kawai kake so, to ka kai ta a cire mata mahaifa ka huta gaba ɗaya. Aiki ne na likitan dabbobi, ana sa mata maganin barci, a yanka ciki kaɗan, a cire mahaifar da ƙwayayenta, a ɗinke. Mu nan muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a kowace jiha akwai asibitin dabbobi na gwamnati a babban birninta. Ba a son yin aikin tana cikin jini, sai an bar ta wata 2 ko 3 bayan ta gama. In kuma shayarwa take yi, sai ta yaye nonon ya ƙafe. Daren da za a kai ta kada ka ba ta abinci.

Jinyar ce mai wuya, ba aikin ba. Kwana 10 zuwa 14 kafin a cire zare, kuma duk tsawon nan burinta ɗaya ne, ta lashe wurin ta tsinke ɗinkin. Ni tsohon bokitin roba na fafe gindinsa, na lulluɓe bakin yankan da tsumma, na zura mata a wuya na ɗaure da madaurinta. Ta yi kwana biyu tana karo da bango tana harara ta, daga baya ta saba. Ka duba ɗinkin safe da yamma saboda ƙuda, musamman da damina. Ƙuda ya samu wurin, tsutsa ce.

Za ka haɗu da masu cewa ai ba sai an yanka ba, akwai allurar tazarar haihuwa ta mata, a yi mata ita kawai. Wani mai yawo da jaka a kan babur ya yi wa karyar abokina haka har zagaye uku. Ta daina haihuwa kam, amma daga baya ciki ya kumbura, ta daina cin abinci, sai shan ruwa kamar raƙumi. Da aka buɗe ta, mahaifar cike take da mugunya. Allurar nan tana jawo wannan ciwo ga karnuka, kuma aikin ceton ya fi na farkon tsada nesa ba kusa ba.

Namiji kuwa fiɗiyarsa ta fi sauƙi da araha, amma shi ma likita ne zai yi. Kada ka sa masa robar da ake sa wa 'yan raguna, kada ka kira mai dandaƙar bijimai. Ka sani kuma yana iya yi wa karya ciki har 'yan makonni bayan aikin. Masu gadi kan ce fiɗiyayyen kare ba ya haushi. Karena Duna shekara 4 ke nan da aka yi masa, har yau ba wanda ya isa ya taɓa ƙofar sito da dare. Abin da ya bari shi ne yawon kwana uku da dawowa da yagaggen kunne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hukuncin abin a addini ba, ya tambayi malaminsa kafin ya yi, domin malamai sun yi magana a kan fiɗiyar dabbobi kuma ba bakinsu ɗaya ba. Ni dai na tambaya, na kuma kwatanta masa kwalin taliyar nan.

To in haihuwar ta riga ta zo fa? Ka bar su da uwarsu sati 8. Ka ba su maganin tsutsar ciki, a yi musu allurar farko tun suna sati 6 zuwa 8 saboda ciwon nan na amai da zawon jini da ke share ɗaki guda cikin mako. Tun kafin su buɗe ido ka fara neman masu karɓa, manya masu gona ko garke ko shago, waɗanda za ka iya zuwa ka ga inda karen zai kwana. Yaro ba ya cikin lissafi sai ubansa ya zo da kansa. Matan cikin 'yan kwikwiyon su ne kowa ke gudu, su ne kuma ke cika gari, don haka ni yanzu in zan ba da mace sai mun yi magana da mai karɓa a kan ranar da za a kai ta asibiti.

Masu kiwon karnukan Turawa don sayarwa su ma suna da nasu kason. Ka ga hoton ɗan Alseshan a Facebook, ka tura kuɗi, a aiko maka da shi a mota cikin kwando. Ka je da kanka ka ga uwar. In ka same ta ƙashi da fata, nonuwa har ƙasa, ana ɗora mata namiji duk zagaye, haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance, ka juya da kuɗinka. Ka nemi katin allura mai sa hannun likita. A Ingila doka ce ke yin wannan aikin: tun 2016 kowane kare sai an dasa masa 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai nuna mai shi, tun 2018 duk wanda karnukansa ke haihuwa sau 3 ko fiye a shekara sai ya yanki lasisi, kuma daga 2020 an hana dillali sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai mai saye ya je wurin wanda ya kiwata. Mu a nan idon mai saye ne lasisin.

Saura waɗanda suka riga suka zama na titi. Abin da ake fara cewa a zaure shi ne a sa guba a nama. Mun gwada a unguwarmu. Karnuka suka mutu, kyanwoyi suka mutu, muka tsinci ungulu biyu a bayan kwata, aka yi sa'a ba yaron da ya taɓa naman. Bayan wata 4 wasu sabbi suka cike gurbin, domin bolar tana nan, kwatar tana nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni kaina matattun kajina a bayan shinge nake watsarwa, ina kiwon karnukan yawo ban sani ba. Yanzu rami nake haƙawa mai zurfi, in zuba toka in rufe. Mahauta kuma aka roƙe su suka yi wa ramin kayan ciki murfi. Sayar da su ga masu zagayawa ƙauyuka suna lodin karnuka zuwa kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Filato shi ma bai rage komai ba, don uwayen da ke haihuwa suna cikin gidaje.

Abin da ya sa ban ɗauki maganar nan da wasa ba shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Amma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. A Njamena ta Chadi an yi haka kyauta a 2012 da 2013, unguwa-unguwa, ciwon ya ɗauke na wani lokaci, sai da aka shigo da shi daga wajen gari ya dawo. Allurar kuwa ba daga nesa take ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato tana yin ta. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara.

Yadda muka tsara namu aikin allurar a unguwa: mai unguwa ya ajiye littafi, duk mai kare ya zo a rubuta sunansa, da karnuka nawa, maza ko mata. Muka haɗa kuɗin man babur ɗin ma'aikacin dabbobi da ƙanƙarar da zai sa allurar a ciki, don in ta yi zafi ta lalace. Muka zaɓi makon 28 ga Satumba, ranar da duniya ta ware wa wannan ciwo, saboda a lokacin ne aka fi samun allura kyauta ko da rahusa. Mafarauta ne suka fi kowa amfani ranar, su suka san yadda ake riƙe kare ba tare da ya juyo ba. Duk wanda aka yi wa, a shafa masa jan fenti a ƙeya.

In kuma cizo ya faru kafin ku kai ga wannan, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a duba agogo, ba a ƙiyasta ba. Daga nan sai asibiti a ranar, ko da ƙarzuna ce kawai. Kada a tsaya ƙona gashin karen ana shafawa. Karen in yana da mai shi, a kulle shi kwana 10 ana lura da shi, amma wanda aka ciza ya fara karɓar allurarsa, ba ya jiran sakamako. In samari sun riga sun kashe shi, a hana su fasa kan, a hana kowa taɓawa da hannu tsirara. A kira ma'aikacin dabbobi ya cire kan ya sa a ƙanƙara, don ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa a ɗakin bincike.