Yadda Ake Zagaya Jidda Cikin Kwana Biyu Bayan Kammala Umra

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Umra ba su san komai na Jidda ba sai filin jirgi da titin da ya miƙe zuwa Makka. Alhali wannan birni, wanda Larabawa ke yi wa kirari da Amaryar Bahar Maliya, shi ne ƙofar Makka ta teku tun shekara ta 26 bayan Hijira, lokacin da Halifa Usman bin Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya mayar da shi tashar jiragen ruwan mahajjata. Kwana biyu sun isa a ga muhimman wurarensa, muddin an tsara tafiyar bisa abu biyu: zafin rana da tsawon garin. Jidda ta miƙe ne daga kudu zuwa arewa a gefen teku, don haka wanda ya riƙa tsallake daga wannan kai zuwa wancan, kuɗin mota da cunkoso ne za su cinye masa yini.

Mataki na farko: biza da lokacin zuwa

Mai bizar Umra ko ta yawon buɗe ido yana da damar kwana a Jidda ya zagaya. Mai bizar Hajji kuwa yana ƙarƙashin tsarin jami'an alhazai, sai ya nemi izininsu kafin ya bar ayari. Ko wace iri ce, duba ranar ƙarewarta, domin wuce wa'adi yana jawo tara mai nauyi.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne garin ya fi daɗi, zafin rana bai cika wuce digiri 30 ba. Daga Yuni zuwa Satumba yakan kusan 40, ga danshin teku da ke sa gumi ya ƙi bushewa a jiki. Wanda ya saba da busasshen zafin Sakkwato ko Damagaram kada ya ɗauka iri ɗaya ne. Wannan ya fi saurin galabaitar da mutum. Ruwan sama kaɗan ne, amma idan ya sauko da ƙarfi, galibi tsakanin Nuwamba da Janairu, tituna kan cika, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2009 da ta 2022. Ranar da aka yi gargaɗin ruwa, zauna a masauki, kada ka yarda direba ya bi da kai ta hanyar ƙarƙashin gada.

Mataki na biyu: isowa da masauki

Tsakanin Makka da Jidda kimanin kilomita 80 ne. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana cin wannan tazarar cikin kusan rabin awa. Tasha biyu yake da su a Jidda, kuma nan ake yawan kuskure: akwai ta Sulaimaniyya da ke cikin gari, akwai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke can arewa. Mai niyyar zagaya gari ya yanki tikitin Sulaimaniyya. Ka sayi tikitin ta intanet tun kwana biyu ko uku kafin tafiya, musamman a Ramadan. Jirgin yana da ƙa'idar kaya: babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, sai ta hannu. Idan ka riga ka tara tsaraba, ɗaukar mota daga Makka ya fi maka sauƙi.

Wajen masauki, unguwar Al-Hamra ta fi dacewa da baƙon kwana biyu, don tana bakin teku kuma ba ta da nisa da tsohon gari. A cikin gari ka riƙa kiran mota ta manhajar Uber ko Careem, kuɗin yana fitowa kafin ka shiga. Idan tasi ta kan titi ce, ku gama magana kafin ka rufe ƙofa. Za ka ci karo da masu jin Hausa da yawa a garin, wasu iyaye da kakanni ne suka zo aikin Hajji suka zauna, kuma suna da amfani wajen tambaya. Amma kwatancen da wani dattijo ya ba ka daga gida, na shekaru goma da suka wuce, ka sake tabbatar da shi, saboda tun daga ƙarshen 2021 an rushe tsofaffin unguwanni da dama a kudanci da tsakiyar birnin.

Mataki na uku: safiyar farko a kasuwar kifi

Babbar kasuwar kifi, wadda 'yan gari ke kira Bangala, tana bakin teku kusa da tsohon gari. Je tsakanin ƙarfe shida da tara na safe, lokacin kamun daren jiya yana nan sabo. Tsarin mataki uku ne: ka sayi kifi a kan kilo, ka kai wa masu gyara su kankare su yanka a biya su ɗan abin da ya sauƙaƙa, sannan ka miƙa wa masu suya ko gashi da ke wurin. Najil shi ne mai tsada, hamur da sha'ur suna biye da shi, sai harid mai launin kore da shuɗi. Kilo ɗaya yakan ishi mutum biyu idan an haɗa da shinkafar sayyadiyya, wadda ake dafawa da soyayyiyar albasa har ta yi launin ƙasa-ƙasa. Kafin ka biya, ɗaga murfin kunnen kifin ka ga ciki ja ne, idonsa garau, in ka danna tsokar da yatsa ta dawo. Wanda tsokarsa ta lotsa ta zauna, ya kwana biyu a kan ƙanƙara. Ƙasan kasuwar a jiƙe yake, sa takalmin da ba ya santsi.

Daga ƙarfe sha ɗaya zuwa La'asar ba lokacin yawo ba ne. Koma masauki ka huta.

Mataki na huɗu: Al-Balad daga La'asar zuwa dare

Wannan shi ne zuciyar ziyarar, ka ba shi awa huɗu ko biyar. Al-Balad ita ce tsohuwar Jidda, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Ganuwar da ta kewaye ta an rushe ta a 1947, amma unguwanninta huɗu suna nan da sunayensu: Sham, Mazlum, Yaman da Bahar. Ka ce a sauke ka a Bab Jadid, wato ƙofar gari ta arewa, ka gangaro kudu a ƙafa, ka fita ta ƙofar da ake kira Bab Makka. Da haka ba za ka maimaita hanya ba.

Tsaya ka dubi gidajen da kyau. An gina su da dutsen murjani da aka haƙo daga gaɓar teku, kuma da yake dutsen ba shi da ƙwari sosai, magina sun riƙa jera katako a kwance cikin bango bayan kowane 'yan layuka don ya raba nauyi. Shi ya sa gida mai hawa huɗu ko biyar ya iya tsayawa fiye da shekara ɗari. Tagogin katakon nan da suka turo waje, masu sassaƙa kamar raga, su ake kira rawashin. Aikinsu uku ne: su shigo da iskar teku, su tare rana, su kuma bar matan gida su ga titi ba tare da an gan su ba.

Gidan Nasif shi ne wanda bai kamata ya wuce ka ba. An gina shi tsakanin 1872 da 1881, kuma a nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925. Lura da matakalarsa, mai faɗi da sauƙin hawa, an yi ta haka ne don raƙumi ya iya hawa da kaya. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya da ta shahara tun zamanin da itace ke da wuyar gani a garin. Daga nan ka nufi Masallacin Shafi'i a unguwar Mazlum, ɗaya daga cikin mafi tsufa a birnin, ka yi Magariba a can.

Bayan salla kasuwa ke buɗewa sosai. Suƙ Alawi ita ce ta turare, kayan ƙamshi, dabino, jallabiya da sallaya. Ana tayi a nan, amma zagaya shago uku ka ji farashi kafin ka taya. Turaren itace kuwa, ka ce a ɗora ɗan guntu a kan garwashi: na ƙwarai yana tsatso mai, ƙamshinsa ya daɗe, na jabu kuma da zarar turaren da aka fesa masa ya ƙone sai ƙaurin itace. Ranar Juma'a shaguna ba sa buɗewa sai bayan La'asar. Kada ka ɗauki hoton mutane, musamman mata da jami'an tsaro, ba da izininsu ba. Doka ta hana, kuma akwai tara.

Rufe daren a bakin tekun Al-Hamra, inda ake kallon maɓuɓɓugar Sarki Fahad. Tun 1985 take aiki, tana cilla ruwan teku sama kusan mita 300, fitilu suna haska ta. Ana kashe ta idan iska ta yi ƙarfi ko ana gyara, don haka tambayi ma'aikatan masauki kafin ka fita.

Mataki na biyar: rana ta biyu ta teku ce

Gaɓar shaƙatawa ta Jidda, wato Kornish, ta kai kusan kilomita 30, amma ba ko'ina ake shiga ruwa ba. Akwai duwatsu da zurfi na ba-zata, kuma akwai allunan hani. Mai son iyo ya nufi Ubhur, kimanin kilomita 30 arewa da tsakiyar gari, inda wani reshen teku ya kutso cikin ƙasa. A can akwai wuraren iyo da ke da masu ceto, da wuraren shaƙatawa da ake biyan kuɗin yini. Kira su tukuna ka tambayi ƙa'idar sutura da ko wurin na iyali ne, don sun bambanta ƙwarai.

Idan za ku hau kwalekwale mai inji, ku daidaita a kan awa da kuɗi kafin a tashi, kuma kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, babba da yaro. Sa takalmin roba a cikin ruwa, saboda murjani yana yanka, ga wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke lafewa a tsakanin duwatsu. Ciwon murjani yana saurin ruruwa, sai a wanke shi nan take da ruwa mai tsabta da sabulu. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska kuma, ya bari awa 24 ta cika kafin ya hau jirgin sama, domin iskar da ta narke a jini tana iya yin kumfa idan aka yi sama da wuri. Lambar neman agaji ita ce 911.

Da yamma ka biyo Kornish ta arewa zuwa Masallacin Rahma, wanda aka gina a 1985 a kan ginshiƙai cikin ruwa. Idan teku ta cika sai ka ga kamar yana shawagi. Je kafin Magariba da rabin awa, ka ga faɗuwar rana ka yi salla a ciki. Masu yara su fara biyawa ta gidan kifaye na Fakieh da ke kan wannan hanyar. Abincin dare kuma, ga kazar gidan abincin Albaik, wanda a Jidda aka kafa shi a 1974, ko mutabbaƙ mai zafi, wato siririn burodi da ake naɗe nama da ƙwai a ciki a soya. Ranar Alhamis da ta Juma'a da daddare cunkoson Kornish yana da yawa, tun da hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne.

Mataki na ƙarshe: filin jirgi

Duba tikitinka ka ga daga wane ɓangare jirginka zai tashi. Akwai sabon gini mai lamba 1, akwai na arewa, akwai na alhazai, kuma tsakaninsu tafiyar mota ce mai nisa, ba ta ƙafa ba. Ka isa awa huɗu kafin tashi. Kada ka cusa ruwan Zamzam cikin akwati, za a cire shi. A filin jirgin ake sayar da galan mai lita 5 da aka rufe don jirgi, ɗaya ga kowane fasfo, sai ka tambayi kamfanin jirginka tun da wuri ko yana karɓarsa ban da nauyin kayanka.