Yadda za ku kai ƙorafi idan aikin da Bankin Duniya ya ba kuɗi ya ci gonarku

Ranar da ka tashi ka ga an zana jan fenti a katangar gidanka, ko sifiyo ya kafa turaku a tsakiyar gonarka wai titi ko kanal zai wuce, ba ranar zama a majalisa ana Allah ya isa ba ce. Ka fara gano kuɗin waye ake aikin da shi. Jeka wajen allon nan da 'yan kwangila ke kafawa a bakin hanya ka ɗauki hotonsa da waya, sunan aikin da mai ba da kuɗin duk suna jiki. In ka ga Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka, to kana da wata ƙofa da yawancin mutanenmu ba su san da ita ba.

Su bankunan nan ba sa ba gwamnati bashi haka kawai, sai ta sa hannu a kan sharuɗɗa. Na Bankin Duniya guda 10 ne, sun fara aiki a Oktoba 2018, kuma na 5 shi ne maganar karɓar ƙasa da tayar da mutane. Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta ce ƙasa tana hannun gwamna, abin da ake biyanka shi ne gini da shuka da makamantansu. Amma sharaɗin banki ya ce a biya kuɗin da zai isa ka maye gurbin abin da ka rasa, ba a cire komai wai don ginin ya tsufa, kuma a biya kafin katafila ta shigo. Ko wanda ba shi da takardar fili, ko mai rumfar shayi a gefen titi, yana da haƙƙin a biya shi gininsa a taimaka masa ya sake tsayawa.

To ranar ƙidayar dukiyar da za a biya diyyarta fa, nan ake cin mutane. Akwai ranar da suke yankewa, duk wanda ya shigo ko ya yi gini bayanta babu ruwansu da shi, don haka ranar da masu fom suka zo ka ajiye kasuwa ka tsaya a gonarka. Na taɓa tsayawa wajen irin wannan ƙidayar a gonar kawuna, mangwaro bakwai ne manya masu 'ya'ya da rijiya a gefe, yaron da ke ƙidayar ya rubuta biyar ya tsallake rijiyar yana sauri rana ta yi zafi, da ba don na leƙa takardar ba shi ke nan. Ku ƙirga tare, ku ɗauki hoto da bidiyo, kuma don Allah kar wanda ya dangwala yatsa a fom ɗin da ba a cike ba. A karanta maka da Hausa, ka ɗauki hoton shafin. Gonar gado kuma a rubuta magada har da mata, mai aro ko jingina shi ma sunansa ya shiga, da makiyayan da burtalinsu ko mashayarsu ta faɗa ciki, su aka fi mantawa da su.

In abu ya karkace a fara daga gida. Dole kowane aiki ya kasance da kwamitin karɓar ƙorafi, sau da yawa har da hakimi ko dagaci a ciki. Amma ƙorafin baki iska ce, ku rubuta, ku yi fotokofi, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a naku. Shiru? Sai ku rubuta wa bankin kansa, ko ofishinsa na Abuja ko na Yamai, ko sashen ƙorafi na Bankin Duniya da ake kira GRS, imel ma ya isa. Kar ku tsallake wannan, domin na gaba abin da za su fara tambaya ke nan, kun faɗa wa banki? Me ya ce?

Na gaban shi ne kwamitin bincike mai zaman kansa na Bankin Duniya, sunansa Inspection Panel, an kafa shi a 1993 bayan rigimar dam ɗin kogin Narmada a Indiya. Mutum biyu sun isa su rubuta masa, ba sai da lauya ba, ba a biyan ko kwabo, kuma da Hausa ma za ku iya rubutawa. Ku faɗi ko ku su waye, ina kuke, wane aiki ne, me ya cuce ku ko yake shirin cutar ku, me kuka faɗa wa banki da yaushe. A taƙaice da hujja, ban da zagin gwamna. In kuna tsoron a taka ku, ku ce a ɓoye sunayenku, suna yi. Rigimar wa ya samu kwangila kuwa ba tasu ba ce. Na Bankin Raya Afirka sunansa IRM, in kuma kamfani ne ya ci bashin IFC, wato reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni bashi, to ofishin ƙorafinsa CAO ake kai wa.

Ba maganar fili kaɗai ake kaiwa ba, ƙura, gurɓata ruwa, ramin da aka ɗebi ƙasa aka bari yara na faɗawa, har da lalata da 'yan mata. A Yuganda mutanen da ke kan titin Kamwenge zuwa Fort Portal sun yi ƙorafi cewa ma'aikatan ɗan kwangila suna lalata da ƙananan 'yan mata, a Disamba 2015 Bankin Duniya ya soke kuɗin aikin.

Amma gaskiya kar ku sa rai da yawa, kwamitin binciken ba kotu ba ne, ba ya biyan diyya, bincike yake yi ya kai wa hukumar daraktocin banki, su kuma su matsa. Mutanen Badia ta Gabas a Legas da aka rushe wa gidaje a Fabrairu 2013 sun kai nasu, gwamnatin Legas ta biya wani abu, amma ba a yi cikakken bincike ba kuma da yawansu sun ce kuɗin bai kai ko'ina ba. Ni a ganina lokacin da kuke da ƙarfi shi ne sa'ad da saura kuɗi a hannun banki bai gama saki ba, a nan ne jami'ai ke ɗaga waya.

Akwai wa'adin kai ƙorafi ga Inspection Panel kuma. Ayyukan da aka amince da su daga Satumba 2020, kuna da wata 15 bayan an rufe aikin. Waɗanda suka riga wannan kuwa, da zarar an rufe ko an saki kashi 95 cikin 100 na kuɗin, ƙofa ta rufe. Ku sa wani yaro mai data ya shiga shafin Bankin Duniya ya rubuta sunan aikin da kuka ɗauko a allo, ranar amincewa da ranar rufewa duk suna nan, har da takardar tsarin biyan diyyar garinku in an wallafa ta.