Musun 'Yan Takarar Shugaban Ƙasa a Zariya: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Da zarar fastoci sun fara rufe ginshiƙan gadar Kwangila, hira a Zariya takan koma abu guda. A teburin mai shayi a Tudun Wada, a bakin shagunan PZ, a motar Samaru zuwa Sabon Gari, har a zauren WhatsApp na dangi, maganar ita ce wa zai ci, wa ya cancanta, wa aka saya. Musun kansa ba aibi ba ne. Garin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda NEPU ba zai rasa masu zafin ra'ayi ba. Abin da ke damunmu shi ne mafi yawan musun ana yin sa ne a kan abubuwan da ke rubuce, waɗanda minti biyar ya isa a duba, amma sai a yi wata guda ana gaba a kansu.

Auna Najeriya da layinku

"Wallahi a layinmu babu mutum ɗaya da zai zaɓe shi." Mai wannan magana yakan faɗi gaskiya game da layinsu, sai dai layinsu bai wuce rumfa ɗaya ko biyu ba daga cikin rumfunan zaɓe 176,846 da ke ƙasar nan. Ƙaramar hukumar Zariya kaɗai mazaɓu 13 gare ta, kuma abin da mutumin Kwarbai yake so ba lallai ya zama shi ne na mutumin Dutsen Abba ba, balle a je Kafanchan, balle Anaca.

Zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ya isa misali. A jihar Kaduna Atiku Abubakar ne ya zo na ɗaya da ƙuri'a 554,360, Bola Tinubu ya samu 399,293, Peter Obi 294,494, Rabi'u Kwankwaso 92,969. Wanda ya tsaya a kan Kaduna sai ya rantse Atiku ya gama. Wanda ya tsaya a kan Kano, inda Kwankwaso ya kwashi 997,279, shi ma ya yi tasa rantsuwar, alhali wannan adadi shi ne kusan kashi biyu cikin uku na duk abin da Kwankwaso ya samu a faɗin ƙasa, wato 1,496,687. Da aka haɗa jihohi, Tinubu na da 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533. Mako uku bayan haka, a wannan Kadunar da PDP ta ci zaɓen shugaban ƙasa, APC ce ta ci kujerar gwamna da ratar da ba ta kai dubu 11 ba.

Gyaran mai sauƙi ne: idan za ka yi hasashe, faɗi wurin da kake nufi. Ka ce "a Gyallesu" ko "a Zariya da Sabon Gari". Haka nan cikar filin taro ba ƙuri'a ba ce. A cikin taron akwai yaran da ba su kai 18 ba, akwai marasa katin zaɓe, akwai waɗanda aka kwaso a mota daga wasu garuruwa, akwai masu kallo. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Rashin sanin yadda ake cin kujerar

Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharaɗi biyu. Ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu bisa uku na jihohi da Abuja. Idan babu wanda ya cika su, sai a je zagaye na biyu. Ba a ce sai ya haura rabi ba, ba a kuma ce sai ya fi kowa yawan jihohi ba. Saboda haka mai cewa "ai waɗanda ba su zaɓe shi ba sun fi yawa" bai yi ƙarya ba, amma maganar ba ta soke nasara. Kuma ɗan takara zai iya faɗuwa a jiha ya amfana da ita: in an kaɗa ƙuri'a miliyan ɗaya ya samu dubu 250, jihar ta shiga lissafinsa.

Batun ko dole ne ɗan takara ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a Abuja ita kanta ya cinye wa mutane yawu a 2023, har Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 26 ga Oktoba cewa Abuja ba ta da wani fifiko a kan jihohi a wannan lissafi. Dattawa za su tuna irin wannan taƙaddama a 1979 tsakanin Shagari da Awolowo, kan ko nawa ne kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Kana iya ƙin gamsuwa da hukuncin, amma ka san cewa an yi shi kafin ka buɗe baki.

Yaɗa sakamakon da ba a tantance ba

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma a daren zaɓe ake yin ta. Wani ya turo jerin lambobi da aka rubuta da hannu ko aka buga a waya, "Kaura: mu 900, su 40", sai a hau murna. Kwana biyu baturen zaɓe ya karanta wani abu dabam, sai a ce an yi maguɗi, alhali lambobin farko ne ba su da asali.

Sakamakon rumfa yana kan takarda mai suna EC8A. Duk wanda zai yi musu a kan lambobi ya kamata ya san abin da ke jikinta. A sama akwai jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, sunan rumfa da lambarta. Lambar kashi huɗu ce, kuma ta jihar Kaduna da 18 take farawa, ta Kano da 19. Ka ɗauko katin zaɓenka ka duba, lambar rumfarku tana jiki. Idan an turo maka takardar da aka ce ta Limancin Kona ce amma lambarta ba da 18 ta fara ba, magana ta ƙare. Ƙasa da wannan akwai yawan masu rajista, yawan waɗanda aka tantance, takardun ƙuri'a da aka bayar, waɗanda ba a yi amfani da su ba, waɗanda suka lalace, waɗanda aka ƙi karɓa, da ƙuri'u masu kyau. Sai abin da kowace jam'iyya ta samu, da alƙalumma da kuma kalmomi, da sa hannun wakilinta a gefe, sannan hatimi da sa hannun jami'in rumfa.

Abu uku za ka yi da ita. Ka tara ƙuri'un jam'iyyu ka ga ko sun yi daidai da adadin ƙuri'u masu kyau. Ka haɗa masu kyau da waɗanda aka ƙi karɓa, ka ga kada su wuce yawan mutanen da na'urar BVAS ta tantance, domin in sun wuce an yi aringizo, kuma dokar zaɓe ta 2022 ta ce a soke sakamakon irin wannan rumfa. Sannan ka gwada alƙalumma da kalmomi: wanda ya mayar da 17 ta zama 117 da biro sau da yawa yakan manta da gyara rubutun da ke gefe.

Daga rumfa sakamako kan tafi mazaɓa a zuba shi a EC8B, ƙaramar hukuma EC8C, jiha EC8D. Saboda haka "an sauya sakamakon Zariya" magana ce da ake iya gwadawa: a tattaro takardun rumfunan mazaɓa guda, a tara, a gwada da abin da aka rubuta wa mazaɓar. Aikin wakilan jam'iyya ke nan, kuma jam'iyyar da ba ta tura wakili ba, ko ta tura wanda ya bar rumfa kafin ƙirga don ba a ba shi kuɗin abinci ba, ita ta kashe hujjarta da hannunta.

Game da IReV, shafin intanet da INEC ke ɗora hotunan takardun sakamakon rumfuna, masu kare INEC da masu zarginta duk suna zarcewa. Gaskiya ne a 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau shafin a kan lokaci ba kamar yadda INEC ta yi alkawari, kuma hakan ya zubar da amana. Mai musun haka yana kare abin da ba ya karuwa. Amma jinkirin ɗora hoto shi kaɗai bai nuna ƙuri'a nawa aka sauya ba, ko a wace rumfa. Wannan sai da takardu.

Ɗora wa kujera kayan da ba nata ba

Za ka ji ana zagin shugaban ƙasa saboda kwatar unguwa ta toshe, ko ana yabon gwamna saboda aikin tarayya. A Zariya misalan a fili suke. Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwa na Shika na tarayya ne. Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan da kwalejin Nuhu Bamalli na jiha ne. Babbar hanyar Abuja zuwa Kano da ta ratsa Zariya ta tarayya ce, ruwan famfo na jiha, makarantun firamare kuma suna tsakanin jiha da ƙaramar hukuma. Soja, 'yan sanda, kwastan da buga kuɗi suna hannun tarayya, don haka canjin takardun naira da ya jefa mutane layin banki a farkon 2023, da cire tallafin mai a 29 ga Mayu na shekarar, abubuwa ne da ya dace a tattauna a musun shugaban ƙasa. Kafin ka yabi ko ka zargi, tambayi kanka a kasafin wa abin yake.

Hoto, bidiyo da murya

Tsohon hoton taro na wata shekara ko wata ƙasa yakan dawo da sabon suna. Sa shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens, zai nuna maka inda ya taɓa fitowa. Ka duba fastocin da ke bayan mutane, da lambar motoci, da ko akwai hazon hunturu alhali an ce jiya aka ɗauka da damina. Bidiyon daƙiƙa 20 da ya fara a tsakiyar jimla, nemi cikakkensa. Saƙon murya marar suna, wanda ke farawa da "jama'a ku saurara, wani na ciki ne ya gaya min", kada ya wuce wayarka, musamman yanzu da ake kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta. Wanda ya tura ƙazafi yana iya fuskantar shari'a ko da ba shi ya ƙirƙira ba, kuma ubangidan da yake wa aikin sojan baka ba lallai ya zo belinsa ba.

Barin magana a koma kan mai magana

"Nawa aka ba ka?" ita ce kalmar da ta fi kashe musu. Daga lokacin da aka furta ta, ba a sake maganar tsaro ko tsadar masara, sai kare mutunci. Akwai 'yan kanzagi da ake biya, kowa ya sani, amma mafi yawan masu goyon bayan ɗan takara ba su taɓa ganin sisinsa ba. In kana son amsa, yi tambayar da ke da amsa: "Malam, da yake gwamna me ya yi a harkar makarantu? Wace shekara?" Kuma ma'aunin da ka ɗora wa nasa, ka yarda a ɗora wa naka. Wanda ya ce ɗan takarar wani ya tsufa, ko ya yawaita sauya sheƙa, ya fara duba nasa.

Mafi muni shi ne a mayar da ƙuri'a ma'aunin imani ko asali, a ce wane ya sayar da addininsa, ko duk ƙabila kaza abu ɗaya ce. Wannan jiha ta san kuɗin wannan magana. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011 rikici ya ɓarke a jihohin Arewa 12, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum sama da 800 sun mutu, kuma Kaduna ce ta fi kowa asara. Zariya ba ta tsira ba. Waɗanda aka binne ba 'yan takara ba ne, ba kuma 'ya'yansu ba. Shugaban zauren WhatsApp da ya ga irin wannan kalma ya goge ta nan take, ya kira mai ita a waya, kada ya jira a yi ta kai-kawo a gaban mutum ɗari biyu.

Yanke zumunci a kan mutanen da gobe za su haɗe

Peter Obi shi ne mataimakin Atiku a takarar 2019, a 2023 suka kara. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya tafi NNPP a 2022. Atiku ya yi takara a AC a 2007, ya nemi tikitin APC a 2014, ya koma PDP a 2017. Ita APC ɗin haɗakar ACN, CPC, ANPP da wani ɓangare na APGA ce, waɗanda magoya bayansu suka daɗe suna zagin juna. Mutumin da ya ƙaurace wa sunan ɗan wansa saboda ɗayan waɗannan tafiye-tafiye, shi kaɗai aka bari da kunyar gaisuwa.

Da manya kuwa akwai hanya. Kada ka gyara wa kawunka lissafi a zaure a gaban baƙi, ko da takarda a hannunka. Bari a watse, ka matsa kusa ka ce, "Kawu, na ga wata takarda da ta ɗan saɓa da abin da aka faɗa maka, in nuna maka?" Matar aure da ɗa baligi kuma kowa da ƙuri'arsa, an killace wurin dangwalawa ne don kada kowa ya leƙa, har da maigida.

Bayan an sanar

Kuskure na ƙarshe shi ne ɗaukar ƙorafi zuwa titi, ko zaton cewa bidiyon da ke yawo a waya zai rushe zaɓe. Tsarin mulki ya ba da kwana 21 daga ranar sanar da sakamako a shigar da ƙara, kwana 180 a yanke hukunci, kwana 60 na ɗaukaka ƙara. Ƙarar zaɓen shugaban ƙasa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take farawa, ta ƙare a Kotun Ƙoli, kuma ɗan takara ko jam'iyyarsa ne ke da ikon shigar da ita. Kotu tana neman hujja rumfa-rumfa, da shaidar wanda ya tsaya a wurin. Don haka wanda ya ga ba daidai ba a rumfarsu ya rubuta lambar rumfar, da lokacin da abin ya faru, ya ɗauki hoton sakamakon da aka liƙa a bango yadda hatimi da sa hannu za su fito sarai, ya ajiye asalin hoton a wayarsa ba tare da ya yi rubutu a kansa ba, ya miƙa wa wakilin jam'iyyarsa na mazaɓa a wannan daren.